Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Noma Da Kiwo Na Jihar Gombe: A Gwada Injin Naɗe Kara, Amma Wanda Ya Dace Da Gonakinmu

Mai girma Kwamishina, ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina yi maka fatan alheri kai da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, musamman malaman gona da likitocin dabbobi masu shiga ƙauyukanmu. Allah Ya taya ku riƙo.

Ni manomi ne a ƙasar Yamaltu/Deba. Ina noma masara da shinkafa da ɗan wake, ina kuma turke raguna da bijimai kamar yadda yawancin magidanta ke yi a nan. Na rubuto maka a fili ne saboda maganar ta wuce ni: ta shafi manomi, ta shafi makiyayi, ta shafi matar da ke girki da kara. Roƙona shi ne ma'aikatarka ta sa injin naɗe kara, wato mai matse kara ya mayar da shi dunƙule, cikin kayan noman da take tanada, ta gwada shi a jihar nan. Amma a sayi ƙarami, a fara da inda ƙasa take a shimfiɗe, a kuma kafa ƙa'ida tun kafin injin ya taka gonar kowa. In aka yi akasin haka, kuɗin jama'a zai salwanta, mai yiwuwa ma a ƙara wa talaka wata damuwar a kan wadda yake ciki.

Kowa a jihar nan ya san yadda shekara ke juyawa da dabba. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba abinci har ya yi yawa: karan masara a tsaye, ganyen dawa a zube, karan shinkafa tsibi-tsibi a inda aka yi bugu. Shanu su shiga, abin da suka tattake ya fi abin da suka ci. Rana ta gasa saura, gara ta ɗauki rabonta, wuta ta lashe abin da ya rage, ko wadda mai gona ya sa ko ta yara masu farautar gafiya. Kafin Maris ya ƙare gona ta zama fili fetal. Afrilu da Mayu kuwa sai wanda ya gani. Za ka ƙirga haƙarƙarin saniya daga nesa, nono ya ƙafe ya bar ɗan abin da maraƙi zai tsotsa, wata in ta kwanta sai an haɗu an kama wutsiya an ɗaga ta. Makiyayi ya rataya adda ya hau gawo ko marke ko maɗaci ya sassaro rassa, alhali gwamnatin jihar nan tana kashe kuɗi wajen dashen itatuwa a ƙarƙashin shirin 3G. A cikin gari kuma dabbobi su koma bola. A tambayi kowane mahauci irin curin ledar da yake cirowa daga tumbin saniya a wannan lokaci.

'Yan shekarun nan abin ya ƙara tsanani ga masu kiwon turka, domin babbar sallah tana faɗowa ne wajen Yuni da ƙarshen Mayu. Watannin da ake ciyar da ragon layya su ne watannin da harawa ta fi tsada a shekara. Damin da aka saya da arha a kaka ya ninka kuɗinsa, dusa ta yi wuya, kowar wake sai mai rabo. Da yawa daga cikinmu, in aka yi lissafi bayan sallah, abinci ya cinye ribar.

Ke nan abincin yana nan, ranka ya daɗe, ajiyarsa da dakonsa ne suka gagare mu. Kara abu ne mai cika wuri ba nauyi. Ka cika a-kori-kura da karan masara har ya yi toroƙo, in aka ɗora a sikeli bai taka kara ya karya ba, kuɗin mota ya fi kuɗin kayan. Shi ya sa ba wanda ke ɗauko shi daga Dadin Kowa ya kai Dukku ko Nafada inda ake matuƙar bukatarsa. Mai shinkafar rani ma da ke cinna wa tsibinsa wuta, ba don bai san darajarsa ba ne. Yana sauri ne ya share fili ya sake shuka, kuma ba shi da inda zai kai shi.

A nan ne injin yake da amfani. Tarakta ce ke jansa, ita ke ba shi ƙarfin juyawa ta sandar nan da ke fitowa daga bayanta. A gabansa akwai haƙoran ƙarfe masu juyawa da ke tsinto karan da aka jera a layi su cusa shi ciki. A ciki akwai bel-bel ko gangunan ƙarfe da ke murɗa shi suna matsewa, kamar yadda ake naɗe tabarma, har ya zama dunƙule mai tauri. In ya cika sai injin ya zagaye shi da igiya ko raga, ƙofar baya ta buɗe, dunƙulen ya gangaro ƙasa, a ci gaba. Abin da zai cika ɗaki a warwatse sai ya koma 'yan dunƙulaye da za a jera a gefen katanga. Saboda siffarsa kewayayya ce kuma a matse take, ruwa yakan zame ta gefe maimakon ya ratsa ciki. Kuma irin wannan injin ba shi da na'urar ƙulla igiya irin ta injin da ke yin dami mai kusurwa huɗu, wadda ita ce ta fi saurin rikicewa ta kuma fi wuyar gyara. Wannan kaɗai babban dalili ne ga mutanen da bakanikensu ke nesa.

Sai dai injin suna ya tara. Wanda ake yawan gani a hotuna da bidiyon intanet shi ne babban, wanda kamfanin Vermeer na jihar Iowa a Amurka ya fito da irinsa kasuwa a farkon shekarun 1970. Dunƙulensa yakan kai ƙafa 5 a faɗi, ƙafa 6 a tsayi, kuma na karan masara yakan kusa rabin tan. An ƙera shi ne don manomin da ke da ɗaruruwan hekta na masara zalla a fili ɗaya, wanda injin girbi ya riga ya bi ya kakkarya karan, sannan yana da tarakta mai cokali a gaba da za ta ɗaga dunƙulen ta ɗora a tirela. In aka ajiye wa mutumin Kwami ko Kumo dunƙule mai kilo 500 a tsakiyar gonarsa, da me zai ɗaga shi? Amalanke ba za ta ɗauka ba, ƙofar gidansa ba za ta shige shi ba, kuma kuɗin guda ɗaya ya fi ƙarfin mai akuya uku. A ƙasar Kaltungo da Balanga da Tula kuwa, inda gonaki suke a jikin tudu, dunƙule irin wannan in ya kuɓuce ya gangaro zai iya kashe mutum.

Akwai kuma abin da masu tallar inji ba za su faɗa ba, domin ba su taɓa bin garmar shanu ba. Gonakinmu na kunya ne. Haƙoran injin suna son ƙasa a baje, su riƙa shafar samanta kaɗan-kaɗan. A kan kunya, ko dai su wuce ta saman karan da ya faɗa kwari su bar shi, ko su caki tudun su kwashi ƙasa da tsakuwa su cusa cikin dunƙule. Ƙasar nan ita ke cin bel da boris, ita ke karya haƙora, kuma dabba ba ta son abincin da ke da yashi. Ko a Amurka, inda filin yake a shimfiɗe, manoma sun san cewa karan masara ya fi ciyawa cin inji nesa ba kusa ba, kututturensa kuma yana huda taya. Kafin a naɗe shi sai an bi da wani injin ya daddatse shi, sannan a bi da manjagarar tarakta ta tara shi layi-layi. Wato aiki uku ne, kowanne da man dizal ɗinsa. Wanda ya sayo injin naɗewa shi kaɗai, ba na datsa ba manjagara, ya sayo sulusin kayan aiki ne. Ga shi kuma yawancinmu muna haɗa dawa da wake ko gero da gyaɗa a gona ɗaya, ga kuka da ɗorawa da tsamiya a tsakiya, ga gonar ita kanta hekta ɗaya ko biyu. Babban inji zai ƙare ranarsa ne a juyi da ja da baya.

Shi ya sa nake roƙon ƙaramin. Akwai irin da dunƙulensa bai wuce santimita 50 a kauri da 70 a tsawo ba, nauyinsa tsakanin kilo 15 zuwa 25. Ƙaramar tarakta na jansa, balle irin waɗanda muke da su. Saurayi ɗaya zai saɓa dunƙulen a kafaɗa, amalanke ta ɗauki goma sha, mai babur ya ɗaura biyu a baya ya kai kasuwa, mace mai tumaki a cikin gida ta aiki yaro ya sayo mata guda. Irinsa ne ya bazu a ƙasashen Asiya masu noman shinkafa a ƙananan filaye. Indiya ta sha fama da ƙona karan shinkafa a jihohin Punjab da Haryana, hayaƙin yana turnuƙe birnin Delhi duk ƙarshen shekara. Tun 2018 gwamnatin ƙasar ta fito da tallafin sayen injinan sarrafa kara, tana biyan rabin kuɗi ga manomi shi kaɗai, kashi 80 cikin 100 kuma ga ƙungiyoyi da cibiyoyin bayar da haya. Har yanzu ba su gama da ƙone-ƙonen ba, amma abin lura a tsarin nasu shi ne fifita ƙungiya da haya a kan mallakar mutum ɗaya, domin inji ne da aikinsa na 'yan makonni ne a shekara.

Wurin farawa a jihar nan a bayyane yake: filayen shinkafa na ƙasan dam ɗin Dadin Kowa, sai na Balanga. Ƙasar a baje take saboda ban ruwa, gonakin a manne suke da juna ta yadda tarakta za ta fita wannan ta faɗa wancan, karan shinkafa siriri ne mai laushi da ba ya bukatar datsa, kuma shi ne aka fi ƙonawa. Shinkafar rani tana zuwa girbi ne daidai lokacin da dabba ta fi galabaita. Abu ɗaya da za a kula da shi: mu da hannu muke yanka mu yi bugu a wuri ɗaya, don haka karan a tsibi yake. Dole a sa matasa su baza shi layi-layi da manjagara kafin injin ya bi, wanda aikin yi ne gare su. Inda tsibin ya yi girma ƙwarai, ko za a yi doguwar tafiya da kayan a babbar mota, injin da ake girkewa wuri ɗaya ana zuba masa da hannu yana fitar da dami mai kusurwa huɗu zai iya fin dacewa, domin shi ya fi jeruwa a mota. Zai yi kyau a gwada duka biyun gefe da gefe. Bayan shinkafa sai gonakin masara da aka yi wa haro aka shuka a baje, waɗanda akwai su a Akko da Kwami da Billiri wajen manyan manoma.

Ga ɗan lissafi da kowa zai iya bi. Masara takan bar kara mai nauyi kusan daidai da ƙwayar da ta bayar. Hektar da ta ba da tan 2 ta bar kusan tan 2 na kara da ganye da ɓawo. A ɗauki rabi a bar rabi: kilo 1,000 ke nan, dunƙule 50 masu kilo 20. Saniyarmu mai kilo 250 tana cin busasshen abinci kamar kilo 6 a yini. Rabin karan hekta ɗaya zai riƙe ta kusan wata biyar da rabi, daga Janairu har ruwa ya sauka. A cire abin da za ta zubar ta tattake, har yanzu ya kai ta ƙarshen bazara da ƙafafunta.

Amma kada a yi wa mutane alkawarin da kara ba zai cika ba. Kara cika ciki yake yi, ba ya gina jiki. Sinadarin gina jiki da ke cikin karan masara bai wuce kashi 4 zuwa 6 cikin 100 ba, na shinkafa ma bai kai haka ba, alhali tumbin saniya yana bukatar kusan kashi 7 kafin ya narkar da abinci yadda ya kamata. Harawar gyaɗa da ta wake sun ninka kara sau biyu ko fiye. Dabbar da aka bari da kara zalla za ta rayu, amma za ta rame. Sai an haɗa mata da harawa, da dusa, da angurya, da gishiri ko kanwa. Akwai kuma dabarar da masana kiwo suka daɗe da sani, irin na cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya: a narka kilo 4 zuwa 5 na takin yuriya a ruwa, a yayyafa wa kilo 100 na busasshen kara, a rufe ruf da leda ko tampol ba iska har mako uku, sannan a buɗe ya sha iska kafin a bayar. Karan yakan yi laushi, ya canza launi, ƙarfinsa ya kusa ninkawa. Dunƙule ya fi warwatsattsen kara sauƙin jerawa a rufe. Sai dai yuriya guba ce in aka kuskure awo ko dabba ta sha ruwanta, kuma ba a bai wa jaki ko doki ko ɗan maraƙi. Wannan aikin malamin gona ne ya tsaya a kai a yi a gabansa. Sanarwar rediyo ba za ta wadatar ba.

Ita harawa kuwa, ina ganin a ƙyale ta a hannun masu ita tukuna. Amfaninta a ganyenta yake, kuma in ta bushe ƙayau a hunturu, haƙoran inji za su kakkaɓe ganyen su bar jijiya. Yadda muke naɗe ta da hannu tun tana da sauran danshi mu ɗora a kan rufi ko reshen bishiya ya fi kiyaye ta.

Batun danshi ma sai an koyar da shi. Karan da aka naɗe da ɗanyantaka, wato ruwan jikinsa ya haura kashi 20 cikin 100, yakan yi zafi daga ciki, ya yi fumfuna, wani lokaci har ya kama da wuta da kansa. Abinci mai fumfuna yana sa dabba ciwo, yana sa mai ciki ɓari. A kaka wannan ba zai dame mu sosai ba, iskar hunturu tana busar da komai cikin kwanaki. Hatsarin yana wajen shinkafar rani da ake yankewa kore-kore ga ruwan farko yana tahowa. A haɗa wa kowane inji ɗan ma'aunin danshi, ba shi da tsada. A hunturu kuma abin tsoro gobara ce: boris ɗaya ya yi zafi a cikin busasshen kara, inji da gona sun tafi. Direba ya riƙa yawo da abin kashe wuta, ya riƙa share injin yana sa giris kullum. Wurin ajiya ya zama nesa da gidaje, a share kewayensa, a ɗora dunƙulen a kan itace ko duwatsu saboda gara, kada kuma a tara arzikin gari duka a rumfa ɗaya. Kuma a gargaɗi kowa: ba a cire abin da ya toshe bakin injin yana kunne, ba a kusantar sandar da ke juyawa da babbar riga ko rawani.

Abin ɗaurewa ma abin dubawa ne. Ragar roba ta fi riƙe gajeren kara, amma daga waje ake sayo ta, kuma in aka bar ta a jikin abinci saniya ta haɗiye, matsalar ledar nan ce muka dawo da ita ta wata ƙofar. Ƙananan injinan suna aiki da igiyar zare mai ruɓewa. A zaɓi wannan, a kuma bincika ko masu rama a ƙasar nan za su iya samar da ita.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, ranka ya daɗe, wanda shi ya sa na ce a kafa ƙa'ida tun farko. Kara ba shara ba ne. Ƙasa tana da haƙƙi a cikinsa. Shi ke rufe ta daga iskar hunturu da ke kwashe samanta, shi ke tare ƙarfin ruwan farko, shi ne in ya ruɓe yake mayar mata da abin da shuka ta zuƙa, musamman sinadarin fotash wanda mafi yawansa a kara yake zama. Masana ƙasa sun ce a bar aƙalla kashi 30 cikin 100 na fuskar gona a rufe. Jihar da zaizayar ƙasa ta riga ta tsaga tsakiyar babban birninta ba ta bukatar a yi mata dogon bayani a kan wannan. Hannu ba ya iya kwashe gona tas, amma inji yana iyawa, kuma in kara ya yi kuɗi, mai bukata zai sayar da duka ya sayi takin zamani da tsada a damina ya cike gurbin abin da ya sayar da arha. A sa wa masu injin sharaɗi: ba a wuce rabi, ba a taɓa gonar jigawa mai yashi ko ta gangare, kuma ba a naɗe gona ɗaya kowace shekara a jere.

Karan dawa da na gero kuma suna da masu su tun kafin a girbe. Da su ake darni, da su ake rufin rumfa da gadon kara, su ne makamashin gidan da ba shi da kuɗin gawayi ko itace, tokarsu ma ba a zubarwa. Ranar da inji ya fara kwashe su zuwa gidajen gonar masu hali, matar ƙauye za ta koma daji saran itace. Dogaye ne ma, masu kauri, ba su dace da ƙaramin injin ba. A bar su.

Sai makiyayi. Iyayenmu sun taso sun ga manomi yana roƙon Bafulatani ya sauka a gonarsa bayan girbi, har ya kai masa damin dawa, domin shanu su ci kara su bar taki. Yau abin ya koma ciniki, wani wurin ma ya koma rigima, saboda burtali ya ƙuntata, makiyayi yana sauri ya riga wani, manomi bai gama kwashe wakensa ba. Kowace kaka sai hukuma da sarakuna sun yi ta jan kunne a dakata da shigar da dabbobi gonaki. Injin nan zai iya sassauta wannan, domin mutumin da ya san akwai abincin da zai saya da rahusa a Maris ba shi da dalilin kutsa kai gonar da ba a girbe ba a Nuwamba. Zai kuma iya ƙara dagula shi, in makiyayi ya iso a lokacin da ya saba ya tarar an share fili an kai karan wani wuri da ba zai iya saye ba. Wanda aka yi wa haka ina zai nufa da shanu ɗari? Don haka a zauna da arɗo-arɗo da shugabannin Miyetti Allah da na ƙungiyar manoma ta AFAN, a gaban hakimai da dagatai, tun ana tsara abin. A ware kaso na dunƙulen da aka yi da injin gwamnati a kai wuraren sayarwa a bakin burtali, da kasuwannin shanu, da makiyayar Wawa-Zange da ke ƙasar Dukku da Funakaye, wadda girmanta ya haura hekta 140,000 amma ita ma rani yana ƙone ta kamar ko'ina. A kuma buɗe ƙofar musaya: amalanken taki a karɓi dunƙule kaza. Ta haka abin da ya bar gona a matsayin kara zai dawo mata a matsayin taki, kamar yadda yake a da.

Game da wanda zai riƙe injin, duk mun sha ganin taraktoci sababbi fil da aka yi bikin rabawa, bayan damina biyu suna kwance ba taya saboda wani ɗan ƙarfe da ba a samu ba. Kada a raba wannan a matsayin kyauta. A ba ƙungiyoyin manoma ko na matasa masu rajista bashi mai sauƙi, su riƙa yin aikin haya, a biya su da kuɗi ko da kason dunƙule, misali manomi ya ɗauki nasa su ɗauki nasu su sayar. Duk kamfanin da zai kawo injin a ɗaure shi da sharaɗin ajiye haƙora da bel da sarƙa da boris a cikin garin Gombe, ya kuma horar da makanikai 'yan ƙasa kafin a biya shi cikon kuɗinsa. Cibiyar NCAM da ke Ilorin aikinta ne gwada injinan noma, a nemi ta duba samfurin kafin a yi oda mai yawa. Kwalejin noman lambu ta tarayya tana nan Dadin Kowa a bakin filayen, ga Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya da ke Kashere, ɗalibansu za su iya auna komai su rubuta. Hanyar kuɗi ma akwai: shirin L-PRES na bunƙasa kiwo da Bankin Duniya ya amince da shi a 2022, da shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa, ga kuma Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya da aka kafa a 2024. Samar da abincin dabba a rani yana cikin ainihin abin da aka kafa su dominsa.

Ba na roƙon a sayo ɗari. A fara da kaɗan, kowanne da manjagararsa da injin datsa, a wurare biyu ko uku, na shekara ɗaya cur, kaka da rani. A rubuta man da aka sha, da dunƙulen da aka samu a kowace hekta, da abin da ya lalace da kwanakin da aka yi ana jiran gyara, da farashin da makiyayi ya yarda ya biya da hannunsa. Sannan a karanta sakamakon a rediyo da Hausa da Fulatanci da Tangale da Tera, ko ya yi daɗi ko bai yi ba, domin masu son zuba kuɗinsu su san abin da za su shiga.

Lokaci kuma ba ya jira. Karan masara yana da kyau ne a makonnin farko bayan an karya, kafin rana da gara su cinye ganyen. In ana son a kama kaka mai zuwa, sai injin ya iso jihar nan kafin Satumba, a horar da direbobi da makanikai a watan, a kammala zama da manoma da makiyaya kafin a fara yankan shinkafar damina. Gonata tana cikin waɗanda za a iya gwadawa a kai, kuma na san maƙwabtana da yawa za su ba da tasu.

Allah Ya ƙara wa mai girma Kwamishina lafiya da basira, Ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Naka,
Wani manomi mai kiwon turka,
Ƙaramar Hukumar Yamaltu/Deba, Jihar Gombe.